Saki Ɗaya, Ja Ɗaya

Tarauni, Kano
Alhamis, sha ɗaya ga Satumba

Ya kai sanyin idona, hasken safiyata, inuwar darbejiyar da na fake a ƙarƙashinta shekara shida! Ya ruwan farkon damina, mai sauka a kan busasshiyar ƙasa ƙamshi ya tashi har cikin ɗaki! Ya zuma farar saƙa, ya tauraron asubahina, ya malamin tuƙin motar da duk Gyadi-Gyadi babu na biyunsa, gaisuwa mai tarin yawa daga wadda ka kora gidan yayanta da takarda mai layi biyu. Ina fatan kana lafiya. Ina fatan tuwon da kake saye a bakin titi yana ƙona maka harshe, ina fatan maɓallin farar shaddarka ya tsinke babu mai ɗinke maka, ina kuma roƙon Allah Ya bar mini kai da rai da lafiya, domin ban gama da kai ba.

Kada ka ninke takardar nan ka cusa a aljihun mota kamar yadda ka saba. Nemi wuri ka zauna, ka karanta ta har ƙasa, don abin da ya fi zafi yana can gaba. A cikin ambulan za ka ga guntuwar igiya. Ajiye ta gefe tukuna, za mu zo kanta.

Bari in fara da abin da ba zan iya ɓoyewa ba, in huta: ina son ka. Ina son ka son da ya hana ni jin daɗin abinci, son da ya sa in ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, in miƙe da gudu in leƙa, in tarar mai sayar da ruwan leda ne. Wace irin cuta ce wannan? Shekara goma ina aikin jinya a asibitin koyarwa, na ɗinke kan da ya fashe, na tsayar da jinin da ke ambaliya, amma na rasa maganin mutum ɗaya mai gemu da taurin kai. Kai ne ciwon, kai ne maganin, kai ne kuma wanda zan rama a kansa. Duka ukun gaskiya ne, kada ka zaɓi ɗaya ka bar sauran.

Ka tuna ranar da abin ya fara? Cikin markar bara ne, ka zo ɗaukata daga aiki a motar koyon tuƙinka, mai jar alamar 'yan koyo gaba da baya. Ruwa ya cika titi tun daga shataletalen Dangi, motar ta shaƙi ruwa ta mutu mana a tsakiyar hanya, 'yan adaidaita suna ratsa mu suna watsa mana taɓo. Maimakon ka yi fushi sai ka naɗe ƙafar wando ka ce da ka sani jirgin ruwa ka saya. Ni kuma na ciro waya na nuna maka hoton da wata abokiyar aikina ta turo daga Turkiyya: ruwa shuɗi kamar an zuba masa bula, tsibirai a jere kusa da juna, ƙaramin jirgi mai farin ƙyalle yana tafiya da iska kawai. Ka daɗe kana kallo. Ruwa yana dukan rufin mota, gilas ya yi hazo, ka sa yatsa ka zana jirgi a jikinsa, ka zana mutum biyu a ciki. Ka ce wanda ya koya wa rabin matan Hotoro tuƙi ba zai gagara tuƙa wannan ba. A ranar na sake faɗawa sonka kamar sabuwar amarya, ƙafafuna cikin ruwan kwata.

Mu biyu 'yan Kano, da babban ruwan da muka sani shi ne na Tiga! Duk wanda ya ji sai ya riƙe baki. Amma muka dage. Wata nawa muka yi da taswirar gaɓar tekun nan shimfiɗe a kan kafet, mun danne kusurwoyinta da kofunan shayi? Muka zaɓi wajen da ake kira Gocek, saboda an ce ruwansa a kwance yake kuma tsibiransa suna kallon juna, ɗan koyo ba ya ɓata. Muka ce farkon Oktoba, lokacin da zafi ya sauka, taro ya ragu. Muka yi wa kanmu doka: tafiyar awa biyu ko uku a rana, ba ƙari. A duba yanayin iska bayan sallar asuba, a tashi da hantsi, a jefa anka, ƙarfen nan mai tsayar da jirgi wuri ɗaya, kafin la'asar, domin iskar yamma ba ta san ɗan koyo ba. Kowane tsibiri muka tanadar masa na biyu, in an je an tarar da wurin fakewa ya cika. Kai ka dage a bar rana ɗaya ta hutu a tsakiya, ni na dage kowa ya kwana da rigar ceto kusa da kansa. Har musu muka yi a kan alƙibla, da yake jirgi a kan anka juyawa yake yi, ka ce za ka tambayi malami. Na rubuta kilishi, dambun nama, dabino, garin kunu, yaji, da buta, don na san ba za mu samu buta a can ba. Wayyo daɗi! Ashe ina shirya guzurin tafiyar da za a sake ni a kanta ne.

Sai muka tafi Legas kwana goma don koyo, tunda ba a ba wa mutum hayar jirgi sai da takardar shaidar tuƙi. A nan ne, ya abin ƙaunata, na ga abin da ban taɓa gani ba: kai a kujerar ɗan koyo. Kai da ka saba zama gefen direba da birkinka na musamman a ƙarƙashin ƙafa, in ɗalibi ya kauce ka taka, ka daka tsawa. Jirgi kuwa ba shi da birki. Na gan ka da idona kana dukan katakon ƙasa da ƙafar dama kana neman abin takawa, gadar katakon da ake ɗaure jirage tana matsowa, tsohon malaminmu mai furfura yana dafe da kai. Ni da na saba karɓar umarni a ɗakin haɗari, in ji in yi ba tare da musu ba, sai abin ya zo mini da sauƙi. Kai kuwa kowane umarni sai ka tambayi dalili, iska kuma ba ta jiran a gama bayani.

Ga kuma ƙullin nan da muka sa wa suna ƙullin ceto, wanda ake yi wa bakin igiya ya zama zobe, ba ya zamewa komai nauyin da ya ja shi. Da shi ake ɗaure jirgi, da shi ake jawo wanda ya faɗa ruwa. Na mayar maka da karatunsa Hausa don ya zauna: gafiya ta fito daga rami, ta zagaya bishiya, ta koma rami. Sau ɗari na maimaita maka. Gafiyarka tana fitowa lafiya, tana zagaya bishiya lafiya, amma komawar ce kullum kake mantawa. Ranar jarrabawa ka ɗaure jirgi, ka miƙe kana karkaɗe hannu, muka juya baya, jirgi ya kama hanyarsa shi kaɗai da abincin ranar malam a ciki. Na yi dariya. Na amsa laifina, na yi dariya har da hawaye, kuma na ga yadda fuskarka ta canza. Aka ba ni takarda da sunana, kai aka ce ka dawo wani zagayen. A jirgin dawowa Kano ka ce ba komai, mutum ɗaya mai takarda ya isa, kai za ka riƙe igiya. Na yarda da kai, don na ɗauka zuciyarka ta kai faɗin ƙirjinka.

To, ƙyallen gaban jirgi igiya biyu gare shi, ta dama da ta hagu. In za a juya jirgi, dole mai riƙe igiya ya saki ɗaya ya ja ɗayar a lokaci guda, in ya makara ƙyalle ya yi ta bugun iska, jirgi ya tsaya cak. Don kada hannu ya manta, muka riƙa gwadawa a tsakar gidanmu bayan la'asar, da zanin gado da igiyar shanya. Ni a kan turmi a matsayin matuƙiya, kai da igiyoyi a hannu, in ɗaga murya in ce, “Saki ɗaya, ja ɗaya!” Haka na fassara umarnin, kuma wallahi ban taɓa jin wata ma'ana a cikinsa ba. Na manta katangarmu gajeriya ce. Na manta a bayanta, a gindin bishiyar mai shayi, majalisarku take zama, kuma abokinka Rabi'u kunnensa ya fi na zomo.

Kwana uku suna jin matar malamin tuƙi tana ihun neman saki ɗaya, shi kuma yana amsawa da “To, to, ga shi nan!” Me kake so su yi? Suka sa ka gaba. Wannan ya ce mijin-ta-ce, wancan ya ce an ba Hajiya sitiyari an bar Malam da igiyar shanya, Rabi'u ya ce tunda tana roƙo a bainar jama'a ai sai a ba ta. Ranar Juma'a, huɗu ga Yuli, ka shigo fuskarka kamar hadarin gabas. Ni ban san dawan garin ba, na miƙa maka igiya ina murmushi, na hau turmi, na buɗe baki na faɗi kalmar. Ka jefar da igiyar a ƙasa ka ce, “Saki ɗaya kike nema ko? To kin samu.” Ka faɗa da ƙarfi don na bayan katanga su ji. Ka shiga ɗaki ka rubuta, ka fito ka ce in tafi gidanmu.

Ya masoyina, ya ƙanƙarar tsakiyar bazarata, igiyar aure fa! Uku ce tak Allah Ya ba mu, ka ɗauki ɗaya ka yanka don masu shan shayi su daina dariya. Shekara shida na wanki da guga, na jiran haihuwar da ba ta zo ba muna rarrashin juna, na zazzaɓinka da na kwana a kai, duk ka ɗora a faranti ka miƙa wa Rabi'u. Ko sun tafa maka? Ko sun ƙara maka madara a shayi? Ban ɗauki komai a gidan ba sai takardar shaidata, da taswira, da igiyar da ka jefar. Na tari adaidaita a bakin titi, tafiyar da ba ta kai minti goma ba daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni, amma ban taɓa yin doguwar tafiya irinta ba.

Yaya Ɗahiru, wanda shi ne uba gare ni tun rasuwar Baba, ya karanta takardar ya sa hula zai nufo ka. Ni na tare ƙofa. Na ce fushi ne, kafin jibi za ka zo. Ai saki ɗaya ne, muddin ina cikin idda kalma ɗaya ta ishe ka, ka ce ka mayar da ni, ko a waya, ko ta bakin ɗan aike, shi ke nan na koma ɗakina. Jibi ta zo ta wuce. Mako ya wuce. Na riƙa yin kwalliya bayan la'asar ina zama kusa da taga kamar wadda ba ta da aikin yi. Ruwan Agusta ya yi ta zuba, in kalli kwata ta cika ta tumbatsa in tuna jirgin da ka zana a gilas. A wurin aiki ina saka wa marar lafiya ƙarin ruwa, idona yana zubar da nasa. Ina ce ko kunya ce ta hana ka? Ko ba ka da lafiya? Har uzuri nake ƙirƙira maka, ni da aka zalunta.

Rana ta arba'in da sakin, Hasana, matar Rabi'u, da muke aiki ɗaki ɗaya, ta ja ni gefe ta faɗa mini abin da mijinta ya kawo mata daga majalisa. Ashe lissafi kake yi. Ka ce idda wata uku ce, daga huɗu ga Yuli zuwa huɗu ga Oktoba, ranar Asabar ɗin da jirginmu na sama zai tashi. Ka ce za ka bar ni in horu, in ji a jikina, sai ranar Juma'ar ƙarshe bayan an sauko daga masallaci ka aiko a ce ka mayar da ni. Wai in shiga jirgi da sanyin jiki, na san waye kyaftin a ruwa da tudu. Suka yi shewa, suka ce namiji ke nan.

Ban yi kuka ba a ranar. Na ƙarasa aikina tsaf, na koma gida na buɗe kalandar da ke cikin wayata. Ya hasken zuciyata, wa ya gaya maka iddar mace irina da wata ake ƙirga ta? Wannan lissafin na wadda ta daina al'ada ne. Tawa da tsarki ake ƙirgawa, tsarki uku, kuma wanda ka sake ni a cikinsa shi ne na farko. Duk yarinyar da ta zauna a Islamiyya ta san wannan. Ku goma sha a gindin bishiya, da gemu da carbi, aka rasa mutum ɗaya da zai gyara maka! Da ka bar ni na yi idda a ɗakina kamar yadda addini ya ce, da ka ga ranar da na ajiye sallah da ranar da na ɗauka, da ka ƙirga da kanka. Kai ka kore ni daga inda za ka gani.

A lokacin kwana ashirin da bakwai suka rage iddata ta cika, kuma ina sane da kowace ɗaya. Sau uku na ɗauki waya in gaya maka. Sau ɗaya har na rubuta, “Malam, lissafinka ba daidai ba ne,” na zauna ina kallon rubutun. Sai in tuna shewar majalisa, in goge. Na roƙi Hasana ta kama bakinta, ta kama. Na ce in son da kake mini ya fi son burge Rabi'u, za ka zo da kanka kafin lokaci, ba don lissafi ba, don ka kasa haƙuri. Kullum da safe ina roƙon Allah Ya kawo ka, kullum da yamma ina gode Masa da bai kawo ka ba. Ka taɓa jin mace ta rabu biyu haka? Wannan shirun shi ne ramuwata, kuma ni ya fara ci kafin ya iso gare ka.

Shekaranjiya Talata, da hantsi, idda ta cika. Kwana sittin da bakwai. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar da ka sake ni, har matar Yaya ta yi ta bugun ƙofa. Da na gama na wanke fuska, na gaya wa Yaya Ɗahiru, shi kuma ya je ya shaida wa limamin unguwa.

Ƙasimu.

Ka ji? Na kira sunanka gatsal, ba Malam, ba Maigida. Shekara shida bakina bai taɓa furta shi ba don kunya da girmamawa, yau ga shi na rubuta, kuma ya yi mini daɗi a baki kamar alewar madara. Ƙasimu, Ƙasimu! Ni ba matarka ba ce. Kalmar nan da ka ɓoye a aljihu kana jiran Juma'ar ƙarshe ta lalace a inda take, ko ka hau hasumiyar masallaci ka faɗe ta ba ta mayar da kowa. Igiyar ta zame daga hannunka kana tsaye kana karkaɗe hannu, jirgi ya kama hanyarsa. Gafiya ta fito, ta zagaya, ka sake manta komawa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Yanzu saurari yadda za a yi, ya muradin raina, don ƙofa ban rufe ba, na dai canza mata makulli. Bazawara ce ni, kuma bazawara sai da yardarta. In kana so na, ka zo Tarauni ka yi sallama a ƙofar gidan Yaya Ɗahiru, ka aiko a ce ana sallama da Basira, ka tsaya a zaure kamar kowane manemi. Zan ɓata lokaci ina zaɓen mayafi. Wataƙila in fito, wataƙila in ce ina da aikin safe. Ranar da na fito, ka ciro guntuwar igiyar nan ka yi ƙullin ceto a gabana, in rataya nauyina a kai, in ya zame ka koma ka sake koyo. In ya riƙe, sai ka nemi aurena wurin Yaya, da sabon sadaki da sabon ɗaurin aure, kuma ka san halinsa, tun ranar takardarka yake wasa harshe. Shaidu kuwa ba na son kowa sai 'yan majalisarku. Rabi'u a sahun gaba! Waɗanda suka ji yankewa su zo su ji ɗaurawa, su ci goro, su koma gindin bishiya su ba da labarin waye ya horu.

Kwana ashirin da uku gare ka kafin ranar tafiya. Jirgin hayar da sunana aka rubuta shi, ni ce matuƙiya, kuma a takardar akwai gurbin mutum ɗaya mai riƙe igiya. Yaya Ɗahiru ya ce in ba ka zo ba shi zai raka ni, dama hanyarsa ce ta sarin dogayen riguna, bizarsa tana nan da rai. Har ya koyi ƙullin, da shi yake ɗaure ragonsa, kuma ragon bai taɓa kwancewa ba.

In kuwa Allah Ya sa kai ne a gurbin, kada ka ɗauka an yafe. A teku zan ƙarasa ramuwata, a hankali, tsibiri bayan tsibiri. Maganin jiri da amai yana cikin jakata, ba za ka sha ba sai ka ce, “Don Allah, Kyaftin.” A can in an jefa anka sai an kai doguwar igiya tudu an ɗaure bayan jirgi, to kai ne mai shiga ƙaramin kwalekwale ka kai ta, ni ina zaune ina cin kilishi ina gyara maka kuskure da babbar murya, yadda kake yi wa ɗalibanka a titin Unguwa Uku. Tsibirin nan da ka ga sunansa a taswira, aka ce da harshensu alade yake nufi, ka rantse ba za ka kusance shi ba, nan na mayar da ranar hutunmu. Za ka wanke kwanuka, za ka jawo anka, za ka ɗora shayi. Idan igiyar ruwa ta ɗaga mu ta sauke, ka rungume ƙarfen jirgi kana salati, zan tambaye ka ina birki. Sannan da yamma, in rana ta yi ja a kan ruwa, iska ta kwanta, zan zauna kusa da kai in ɗora kaina a kafaɗarka, in ji ƙamshin turarenka da na yi wata biyu ina nema a jikin tsohon mayafina, in gaya maka ban taɓa daina son ka ba ko na minti ɗaya. Washegari mu ɗora daga inda muka tsaya, don ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.

In kuma girman kai ya hana ka, zan tafi. Daga kowane tsibiri zan turo wa Hasana hoto, hannuna a kan sitiyari, ita ta nuna wa mijinta, shi ya nuna wa majalisa, su kuma ba sai na gaya maka ba. Amma ka kwantar da hankalinka ta gefe ɗaya. Tun shekaranjiya wani likita ya fara tsawaita gaisuwa, wani mai kantin magani a kasuwar Tarauni ya ce a gaishe ni, ban ko ɗaga ido ba. Wa zan kalla bayan kai? Wane ruwa zan sha bayan na saba da randarka? Zan dawo in zauna a ɗakin nan, in tsufa ina son ka, kana wucewa ta ƙofar gida da 'yan koyonka kana rage gudu, ni ina ganin ka ta taga ba zan ɗaga labule ba. Wannan ma ramuwa ce, amma ita ba na fatan ta, don ni za ta fi kashewa.

Ɗauko igiyar yanzu ka duba. Daga wadda ka jefar a tsakar gida na yanko ta. Tufka uku ce da, na warware ɗaya na jefa a murhu, saura biyu. Malaminmu na Legas ya ce irin wannan tana iya riƙe jirgi, amma mai hankali ba ya sake wasa da wuƙa kusa da ita. Zauna a bayan katangar nan, a gaban su Rabi'u in ka ga dama, ka yi ta gwadawa har hannunka ya iya. Ramin yana nan inda yake, Ƙasimu, bai matsa ko'ina ba. Ka dawo da gafiyar.

Ranar da muka bar gaɓa, ƙyalle ya cika da iska, lokacin juyawa ya yi, zan cika ƙirjina in ɗaga murya yadda har Gyadi-Gyadi za a ji, in ce, “Saki ɗaya!” Kai kuma za ka saki ta hannunka, ka ja ɗayar, ka rufe bakinka.

Taka a tudu, taka a ruwa, taka da igiya biyu kamar yadda nake taka da uku, har ranar da za a naɗe ni a likkafani. Wadda ba ta da wani masoyi sai kai, ba ta kuma da miji tun ranar Talata,

Kyaftin Basira